Ɗigon nan uku a goshin fara, ido ne?

Tambaya: Malam, sana'ata suyar fara a nan Daura. In ina figar fukafukai sai in riƙa ganin wasu 'yan ɗigo masu sheƙi a goshinta. Ɗana ɗan sakandare ya ce wai "ido mai sauƙi" ne. To ido ma har da mai sauƙi da mai wuya?
Wata mai karatu, Daura

Amsa: Hajiya, yaronki ya faɗi gaskiya, idanu ne. Fara idonta biyar: manyan nan biyu na gefen kai, da ƙanana uku. Gobe kafin ki zuba a mai, ɗauki babe guda ki juya shi ga rana. Za ki ga ɗaya a tsakiyar goshi, sauran biyun kuma a sama, dab da manyan idanu. Ƙudan zuma da zanzaro su ma uku gare su, amma nasu a bisa kai suke, jere kamar duwatsun murhu. Sauro ba shi da ko ɗaya.

Sunan ne dai ba na so. Na daɗe ina koyar da ilimin halittu a Katsina, kuma "mai sauƙi" ɗin nan kullum sai ya ruɗa ɗalibai. Abin nufi shi ne gilashin da ke tattara haske guda ɗaya ne tal, shi ya sa a aji nake cewa ido tilo. Da wannan ma'aunin, idona da naki ma tilo ne. Babban idon kuwa haɗaɗɗe ne, 'yan idanu ne birjik a manne da juna kamar saƙar zuma. A idon wasu mazari, yawansu yakan kai 30,000. Masana na kiran ƙaramin oselus, kalmar Latin mai ma'anar ɗan ido. Na tsutsar malam-buɗe-littafi sunansa daban, sitemata, galibi shida a kowane gefen kai.

Ƙaramin idon fara ba ya tantance siffa sosai. Aikinsa gane haske da duhu cikin sauri, ya bambanta sama mai haske da ƙasa mai duhu, don kada fara ta karkace tana cikin tashi. Ki ce wa yaron ya ɗora fara ƙarƙashin kyamarar waya ya ƙara girman hoton, ya ƙirga miki su da kansa.