Shin magabatan masana kimiyya sun yarda da Mahalicci?

Tambaya: Malam, wani abokina ya ce duk wanda ya zurfafa a kimiyya, ƙarshenta sai ya musanta cewa akwai Mahalicci. Haka magabatan masana kimiyya suka kasance?

Amsa: Tarihi bai goyi bayan abokin naka ba. Mafi yawan waɗanda suka aza harsashin kimiyyar zamani a Turai, daga ƙarni na 16 zuwa na 18, sun yi imani cewa duniya halittarta aka yi, kuma sun rubuta hakan da hannunsu.

Johannes Kepler, Bajamushen da ya gano cewa duniyoyi suna kewaya rana ne a kan hanya mai siffar ƙwai, karatun addini ya je yi a jami'ar Tübingen da niyyar zama limamin coci, kafin lissafin taurari ya ɗauke shi. Robert Boyle, masanin kimiyyar sinadarai wanda ya rasu a 1691, ya bar wasiyyar kuɗi domin a riƙa gabatar da laccoci na kare addinin Kirista daga masu musun sa. Shi kuwa Isaac Newton, a bugu na biyu na littafinsa Principia a 1713, ya ƙara wani sashe inda ya bayyana cewa tsarin rana da duniyoyi da taurari masu wutsiya ba zai samu ba sai da shiri da ikon wani Mai hikima. A ɓangaren Musulmi ma, Ibn al-Shatir, wanda ya gyara lissafin tafiyar duniyoyi a ƙarni na 14, aikinsa shi ne tsayar da lokutan salla a babban masallacin Dimashƙu.

Sai dai ina jan hankalinka kada ka mai da wannan makamin gardama ba tare da lura ba. A wancan zamani imani shi ne abin da kowa ya tashi a kai, har ma ba a soke sharaɗin bin cocin Ingila ga malaman jami'o'in Oxford da Cambridge ba sai a 1871. Newton kansa bai yarda da aƙidar Triniti ba, wato imanin Kiristoci cewa Allah ɗaya ne cikin uku, amma ya ɓoye hakan saboda tsoron abin da zai biyo baya.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne inda Newton ya jingina hujjarsa. Ya ɗauka cewa janyo juna da duniyoyi ke yi zai rikita tsarinsu a hankali, sai Ubangiji ya riƙa daidaita shi lokaci bayan lokaci. Leibniz, Bajamushe masanin lissafi da falsafa wanda shi ma mai imani ne, ya soke shi da cewa ya mai da Mahalicci kamar maƙerin agogon da aikinsa ke buƙatar gyara. A ƙarshen ƙarni na 18 Laplace, Bafaranshe masanin lissafi, ya nuna ta hanyar lissafi cewa sauye-sauyen da ake gani a tafiyar duniyoyin Jupiter da Saturn suna komawa daidai da kansu bayan kimanin shekaru 900, sai wannan hujja ta Newton ta faɗi, alhali dokokinsa na motsi suna nan ana koyar da su a makarantu.