Amsa ga ƙaninmu mai katin biki: hula, rubutu da kalar da ta dushe

Assalamu alaikum 'yan gida, barkanmu da yamma. Ƙanina, na saurari muryarka. Ka ce ka sa AI ta haɗa maka hoton ango na katin biki, hular ta fito kamar rawanin Indiya, rubutun ya cakuɗe, da ka kai wajen bugawa a Tudun Wada kuma shuɗin ya dushe. To, tsaya ka ji.

Waɗannan manhajojin, irin su Stable Diffusion da Midjourney da suka fito a 2022, ba zane suke yi kamar ni da kai ba. Suna farawa ne da ɗigo-ɗigo barkatai, irin yashin nan da tsohuwar talabijin ke nunawa in tasha ta ɗauke, sai su riƙa share shi kaɗan-kaɗan, zagaye ashirin ko talatin, har wani abu ya bayyana da ya yi kama da abin da ka rubuta. Kama kawai fa, ka gane? Abin da manhajar ta fi gani a hotunan da aka horar da ita, shi take maido maka. Hular zanna nawa ta gani? Aska takwas ta babbar riga nawa? Shi ya sa aikin wuyan ke fitowa kamar an yi shi cikin barci. Wallahi abin yana damuna, domin ɗinkin nan namu lissafi ne, kowane zare da mazauninsa.

Don haka ka bar mata bango kawai: haske, labule, furanni, hayaƙin turare. Nan ta ƙware. In wani bangon ya yi maka, rubuta lambar irinsa, wato "seed", lambar da manhajar ke fara ɗigo-ɗigon nan da ita, ka ajiye. Da wannan lambar da umarni iri ɗaya, in ba ka taɓa saitin ba, za ta sake ba ka shi, sai ka riƙa canza kalma ɗaya-ɗaya kana ganin abin da ke motsawa.

Hula kuwa, shiga Kasuwar Barci ko ka ɗauko ta baba, ka ɗora a kan farin ƙyalle kusa da taga, ka ɗauka da wayarka, ka yanke ka ɗora. Gara ma ka ɗauki angon kansa.

Rubutu kada ka bar mata ko harafi ɗaya. Buga da hannunka a CorelDRAW, ko Inkscape tunda kyauta ce. Zaɓi salon rubutun da ke da ƙ da ɗ da ɓ, kamar Noto Sans ko Charis, sannan ka mayar da rubutun zane, wato haruffan su koma siffofi kawai, kafin ka kai wajen bugawa, kada kwamfutarsu ta maye maka ƙugiyar da akwati.

Maganar kala, allon waya da haske yake haɗa kala, tsarin da ake kira RGB, injin bugawa kuma da tawada, tsarin da ake kira CMYK. Shuɗi mai walƙiyar nan tawada ba ta kai shi. Juya fayil ɗin zuwa CMYK tun a gida ka gyara, ka ce su buga maka ɗaya na gwaji tukuna. Duba girma ma: hoto mai fiksel 512 ko inci biyu bai cika ba in ana son ɗigo 300 a kowane inci.

Yauwa, turo min fayil ɗin bayan isha'i, amma a matsayin dokumen, don WhatsApp na matse hoto. Allah ya sanya alheri a bikin.