Me Ya Sa Ruwa Ke Yin Sanyi Idan An Narka Takin Yuriya A Cikinsa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne ɗan aji biyar na sakandare. Na ɗauka duk wani sauyi na sinadarai da ke faruwa da kansa dole ne ya fitar da zafi, kamar yadda gawayi ke yi idan yana ci. Amma idan muka zuba takin yuriya a bokitin ruwa don ban ruwan lambu, takin yana narkewa da kansa, ruwan kuma sai ya yi sanyi. Sannan idan takin ya yi yawa, wani yakan kwanta a ƙasa ya ƙi narkewa. Mene ne dalili?

Amsa: Wa alaikumus salam. Zaton da ka yi, manyan masana ma sun taɓa yin irinsa. A ƙarni na 19, Julius Thomsen ɗan ƙasar Danmak da Marcellin Berthelot ɗan Faransa sun tafi a kan cewa fitar zafi shi ne ma'aunin ko sauyi zai faru da kansa. Wannan ra'ayi ya dace da sauye-sauye masu yawa, amma ya kasa bayyana abin da ka gani a bokiti, kuma ya kasa bayyana narkewar ƙanƙara, wadda ita ma zafi take sha.

Idan yuriya za ta narke, sai an raba ƙwayoyinta da ke riƙe da juna a cikin tsabar takin, wannan kuma yana cin makamashi. Bayan sun rabu ƙwayoyin ruwa suna kewaye su, wannan kuwa yana sakin makamashi. A yuriya, abin da aka ci ya fi abin da aka saki da kimanin kilojul 15 a kowane mol (kilojul awon makamashi ne, daidai da jul dubu; mol kuma awon yawan ƙwayoyi ne), wato a kowane giram 60 na yuriya. Wannan bambanci shi ake kira sauyin entalfi, ana rubuta shi ΔH. Giɓin kuwa daga jikin ruwan ake cike shi, shi ya sa hannunka ya ji sanyi. Da yake ruwa kilo ɗaya yana bukatar kusan kilojul 4.2 kafin zafinsa ya sauya da digiri ɗaya, giram 60 na yuriya a cikin lita ɗaya zai sauke zafin ruwan da wajen digiri uku da rabi. Kostik soda da ake haɗa sabulu da ita akasin haka take, domin tana sakin kusan kilojul 44.5 a kowane mol, har ruwan ya yi zafin da zai ƙona fata. Saboda haka ake zuba sodar a cikin ruwa kaɗan-kaɗan, ba a zuba ruwa a kanta.

Abin da Thomsen da Berthelot suka bari a baya shi ne entirofi, wanda Rudolf Clausius ya raɗa wa suna a 1865. Entirofi ma'auni ne na yawan hanyoyin da ƙwayoyi da makamashinsu za su iya bazuwa. A cikin tsabar taki kowace ƙwaya tana daure a gurbinta, amma da zarar ta shiga ruwa tana iya kasancewa ko'ina a cikin bokitin, don haka entirofi yana ƙaruwa sosai. Idan ka gauraya farar dawa da jar dawa masu girma ɗaya a ƙwarya kana ta girgizawa, ba za ka taɓa ganin sun ware kowa gefensa ba, saboda hanyoyin cakuɗuwa sun fi hanyoyin warewa yawa nesa ba kusa ba.

Josiah Willard Gibbs na Jami'ar Yale da ke Amurka, a rubuce-rubucensa na tsakanin 1875 da 1878, shi ya samar da ma'aunin da ya haɗa waɗannan abubuwa biyu, wanda a yau ake rubutawa kamar haka: ΔG = ΔH − TΔS. Harafin T zafi ne a ma'aunin Kelbin, ΔS kuma sauyin entirofi. Idan zafi da matsin iska ba su sauya ba, sauyi yana iya faruwa da kansa ne kawai idan ΔG ya gaza sifiri. A zafin digiri 25 na Salsiyos, wato Kelbin 298, idan ka raba jul 15,000 da 298 za ka sami kusan 50. Ma'ana, muddin ƙaruwar entirofi ta haura jul 50 a kowane mol a kowane Kelbin, ɓangaren TΔS zai rinjayi ΔH, takin kuma ya narke duk da cewa zafi yake sha. Ina ba ka shawara ka kula da awon, domin ana yawan bayar da ΔH a kilojul, ΔS kuma a jul, kuma a nan ɗalibai da dama ke asarar maki a jarrabawa.

Lissafin ƙanƙara ya fi fito da rawar da T ke takawa. Narkewarta tana shan kilojul 6.01 a kowane mol, entirofi kuma yana ƙaruwa da jul 22 a kowane mol a kowane Kelbin. Raba 6,010 da 22 yana ba da 273, wato digiri sifiri na Salsiyos. Sama da wannan zafi ƙanƙara na narkewa, ƙasa da shi kuma ruwa ne ke daskarewa.

Sai batun takin da ke kwanciya a ƙasa, wanda a ganina shi ne ɓangaren tambayarka mafi muhimmanci. Adadin ΔG na narkewa ba tsayayye ba ne, yana bin kaurin ruwan, wato yawan mol na yuriya da ke cikin kowace lita. A cikin tsurar ruwa, ƙwayar farko da ta narke tana samun fili mai yawa, ribar entirofi babba ce. Yayin da ruwan ke ƙara kauri ribar tana raguwa, ΔG yana matsowa sifiri, har a kai matsayin da ruwan ya ƙoshi. A zafin digiri 20, giram 100 na ruwa yana ɗaukar yuriya ɗan sama da giram 100 kafin ya kai wannan matsayi. Ko a nan narkewa ba ta tsaya ba, sai dai yawan ƙwayoyin da ke barin tsaba ya yi daidai da yawan masu komawa, shi ya sa ido ba ya ganin wani sauyi. Idan ka ƙara ruwa kaurin zai ragu, idan ka ɗumama shi T zai ƙaru, kuma kowanne daga cikinsu zai mayar da ΔG ƙasa da sifiri. Sanyin da takin ya jawo ma yana rage yawan abin da ruwan zai iya ɗauka, don haka bokitin da aka bari ya koma zafin gari yakan narkar da ragowar da ya ƙi narkewa da farko.

Ka kuma lura cewa ΔG ba ya faɗin saurin sauyi. A zafi da matsin iska na yau da kullum, juyewar daiman zuwa girafait, wato abin da ke cikin fensir, tana da ΔG na kimanin −2.9 kilojul a kowane mol, amma jinkirinta ya kai yadda babu mai ganin ta. Haka nan motsa bokiti da sanda yana hanzarta narkewa, amma ba ya ƙara ko giram ɗaya a kan iyakar abin da ruwan zai ɗauka a wannan zafi.