Tambayoyinku: Wai kwana nawa ƙwai yake yi kafin ya lalace?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki taimaka min. Maigidana yakan siyo mana kiret guda na ƙwai duk farkon wata, da ya kawo sai in wanke su tas da ruwa da sabulu saboda kashin kajin da ke jiki in jera a firij, toh wutarmu kuma ba ta zama, wani lokacin sai a kwana biyu babu. Watan da ya wuce guda takwas na zubar duk sun yi baragurbi, wallahi abin ya dame ni ga tsadar da ƙwai ya yi. Kwana nawa ƙwai yake yi ne, kuma a ina nake kuskure? Daga wata uwargida a Gusau.

AMSA: Wa alaikumussalam 'yar uwa. Na san tsafta ce ta sa kike wankewa, amma gaskiya wankin nan shi ne farkon matsalar. Kinga ɓawon ƙwai ba a toshe yake ba kamar yadda muke gani, akwai ƙananan ƙofofi dubbai a jikinsa da ido ba ya gani, ta nan iska take shiga ruwan ciki yake fita a hankali. Lokacin da kaza ta saka shi yana fitowa da wani ɗan danshi a jiki wanda yake bushewa nan take ya rufe ƙofofin nan, toh idan kika sa ruwa da sabulu kin cire wannan rufin kenan, kuma in ruwan ya fi ƙwan sanyi abin da ke ciki yana ɗan tsukewa ya janyo ruwan dattin da ƙwayoyin cuta zuwa ciki. In akwai kashi a jiki ki sa busasshen tsumma ki goge, wanki kuma ki bari sai lokacin da za ki fasa. A Amurka suna wanke ƙwai tun daga gona shi ya sa dole ya zauna a sanyi tun daga can har gida, ƙasashen Turai da yawa kuma ba sa wankewa, a kan kanta ake jera shi a shago. Namu na nan yawanci ba a wanke ba yake zuwa, ki bar shi da rigarsa.

Na biyu maganar firij. In wuta tana zama, sanyin bai wuce digiri 4 ba, ƙwai yana kai sati 3 zuwa 5 lafiya lau, kuma can ciki ake sa shi ba a jikin ƙofa ba inda ake ta buɗewa ana rufewa. Amma firij ɗin da yau sanyi gobe zafi ya fi waje illa, domin ƙwan da ya yi sanyi in zafi ya buge shi gumi yake yi, wannan gumin kuma hanya ce ta ƙwayoyin cuta, balle naki da aka riga aka wanke. Ni a ganina ki zaɓi ɗaya, tunda wutarku haka take ki bar shi a waje tun farko, a wuri mafi sanyi a gidan, kusa da randa misali, ba a kicin kusa da murhu ko risho ba, ba kuma saman firij ba don can ɗumi ne.

A waje kuma lokaci ne yake yanke hukunci. Da hunturu zai iya yi miki sati biyu har zuwa uku. Amma da bazara, daga Maris zuwa Mayu da zafin Gusau da Sakkwato yake haura digiri 40, kar ki bari ya wuce sati, don ki tuna ba ranar da aka siyo kaza ta saka shi ba, ya kwana a gona, ya sha rana a mota, ya zauna a shago ba ki san kwana nawa ba. Shi ya sa shawarata ta gaskiya ki ce wa maigida ya riƙa siyo rabin kiret, guda 15, in ya ƙare a ƙaro. Sauƙin da ake samu a kiret guda ai ya tafi in an zubar da takwas.

Wajen jerawa ki sa tsinin ƙasa, faffaɗan kan sama, don a can ɗan gurbin iskan yake, hakan yana riƙe gwaiduwar a tsakiya. Ki nisanta shi da albasa, daddawa, busasshen kifi da kalanzir, ƙwai yana ɗaukar wari sosai. Wasu suna shafa masa man gyaɗa mai kyau kaɗan-kaɗan don ya toshe ƙofofin, yana ƙara masa kwana in sabo ne aka shafa. Akwai kuma dabarar sanyaya abinci ta tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani wadda Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000, tana aiki sosai lokacin da iska take a bushe, sai dai ki sa ƙwan a roba kar ruwa ya taɓa shi.

In kina kokwanto ki gwada da ruwa a kofi. Wanda ya nutse ya kwanta sabo ne, wanda ya tsaya da kai ya kwana biyu a yi amfani da shi yau, wanda ya taso sama ki zubar. Duk da haka ki riƙa fasawa a wani ƙaramin kwano ɗaya bayan ɗaya kafin ki zuba a kwaɓin kek ko wainar ƙwai, guda ɗaya ya isa ya ɓata miki duka.

TAMBAYA: Anti ina wuni. Ina dafa ƙwai da yawa da daddare in riƙa sa wa yara a kwandon makaranta har kwana uku, ai dafaffe ya fi daɗewa ko? Daga Maraɗi.

AMSA: A'a ƙanwata, dafaffe ya fi ɗanye saurin lalacewa, tafasa tana wanke rufin nan da na faɗa. A firij mai aiki sati ɗaya yake yi, a waje kuwa bai kamata ya wuce awa 2 ba, in ana tsananin zafi ma awa 1. Dan Allah ki daure ki dafa da safe, minti 10 ne bayan ya tafaso, ki ce su ci a tara ta farko. Cikin yara ba ya ɗaukar abin da na babba yake ɗauka.

TAMBAYA: Hajiya barka da aiki. Ina kiwon kajin gida, da zafi sai in fasa ƙwai in ga zaren jini kewaye da gwaiduwa. Ciwo ne? Daga wani magidanci a Azare.

AMSA: Ba ciwo ba ne Malam, akwai zakara a cikin kajinka, zafin gari kuma ya sa ɗan tsako ya fara haɗuwa kamar kaza ta kwanta a kai, kwana 21 ne dama ƙyanƙyasar gaba ɗaya, cikin kwana uku jijiyoyin jini sun fara fitowa. Irin wannan a zubar. Ɗan ɗigon jini guda kamar kan allura kuwa daban ne, daga jikin kazar yake, sai a cire da cokali a soya. Ka riƙa kwashe ƙwan daga akurki safe da yamma, ka rubuta kwanan wata a jiki da fensir, wanda za a ci a ware shi daban da wanda za a bar wa kaza.