Kitsen Jiki ko Allurar Cike Fuska? Amsa ga Masu Ramewar Gefen Fuska

Assalamu alaikum. Shekarata 24. Tun ina 'yar shekara 12 kuncina na hagu ya fara lotsawa a hankali. Likita ya ce ciwon Parry-Romberg ne, kuma ya tsaya, don shekara huɗu ke nan ban ga wani canji ba. Yanzu an ba ni zaɓi: a ɗebi kitse a jikina a dasa a fuskar, ko a yi mini allurar cike fuska irin wadda ake sayarwa. Allurar ta fi araha. Wanne zan ɗauka?

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Idan likitan da ya duba ki bai ga wani dalili da zai hana ba, kitsen nake ba ki shawara.

Arahar allurar ta rana ɗaya ce. Yawancin waɗannan allurai na sinadarin hayaluronik ne, kuma jiki yana shanye shi cikin wata 6 zuwa 18. An ƙera su ne domin ƙananan layuka da ɗan ramin da tsufa ke kawowa, inda mililita ɗaya ko biyu kan wadatar. Kuncin da ya shekara da shekaru yana ramewa kuwa yakan buƙaci ninkin haka sau da yawa. Ki lissafa yawan allurar da za ta cike wurin, sannan ki lissafa maimaita ta kusan kowace shekara har iya rayuwarki, sai ki gwada da kuɗin dashen. Kitsen da ya kama ya zama naman jikinki, yana nan tare da ke.

Amma ki lura da abin da na ce: wanda ya kama. A nan ne mutane da yawa ke shan mamaki, don ba a gaya musu tun farko ba. Ana zuƙo kitsen ne daga ciki ko cinya da siririn bututu, a tace shi a raba shi da jini da mai, sannan a zuba shi a fuska. A kwanakin farko ba shi da jijiyar jini tasa, yana rayuwa ne da ɗan ruwan da ke ratsowa daga naman da ke kewaye da shi, har sababbin jijiyoyi su tsiro su iske shi. Kamar dashen shuka ne: tsiron da saiwarsa ta taɓa ƙasa shi ke rayuwa, wanda aka cusa a tsakiyar dami ya bushe. Shi ya sa ƙwararre ba ya zuba kitse dunƙule guda. Yana ajiye shi ɗigo-ɗigo, a layuka da yawa, a zurfi daban-daban. Wannan salon Sydney Coleman, likita a Amurka, ya daidaita shi a shekarun 1990, ko da yake dashen kitsen kansa ya daɗe: Gustav Neuber ya yi shi a Jamus tun 1893.

Duk da ƙwarewa, wani kaso zai narke. Rahotannin likitoci sun sha bamban ƙwarai a kan yawansa, daga kashi 20 har zuwa kashi 80 cikin ɗari, kuma fatar mai irin ciwonki takan yi siriri da tauri, abin da ke ƙara wahalar kamawa a karon farko. Fuskar da za ki gani a madubi mako ɗaya bayan aiki kumburi ce, kada ki yi murna da ita, kada kuma ki firgita. Sai bayan wata 3 zuwa 6 za ki san abin da ya tsaya.

Saboda haka idan kin zauna da likitan, kada ki tsaya a kan kuɗin aiki ɗaya. Ki tambaye shi sau nawa yake ganin za a yi, don biyu ko uku abu ne da aka saba gani, kuma ko kuɗin da ya faɗa ya haɗa da na gaba, da ɗakin tiyata, da maganin sa barci, da zuwa dubiya. Ki nemi ganin hotunan waɗanda ya yi wa aiki masu irin matsalarki, hotunan bayan wata shida ko shekara. Akwai kuma tambayar da ba na so ki manta: shin ƙashi ma ya rame? Ciwon da ya fara tun ƙuruciya yakan taɓa ƙashin kunci da muƙamuƙi. Hoton CT zai nuna. Idan ƙashin ya gaza, ko ramin ya yi zurfi sosai, kitse kaɗai ba zai daidaita fuskar ba, sai an haɗa da gyaran ƙashi ko a ɗauko tsoka da fata tare da jijiyoyinsu daga baya ko cinya, wanda babbar tiyata ce.

Abubuwa biyu suna hannunki. Taba sigari tana rage jinin da ke isa ga dashen. Sannan kitsen da aka dasa yana bin nauyin jiki, idan kika yi ƙiba sosai gefen da aka gyara zai iya fin ɗayan cika.

Wata uwa kuma ta rubuto: 'Yata tana da shekara 9. Cikin shekara guda goshinta ya yi wani dogon rami, fatar wurin ta yi duhu ta yi tauri, yanzu kuncin ma ya soma. Yara suna tsokanar ta. Ni mai jiki ce, ina so a ɗebi nawa kitsen a sa mata. Zai yiwu?

Mama, Allah ya ba ta lafiya, ya kuma saka miki da wannan niyya. Sai dai ba zai yiwu ba. Garkuwar jikinta za ta ɗauki kitsenki a matsayin baƙo ta yaƙe shi. Nata kaɗai za a iya dasa mata.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne ciwon yana kan tafiya. Siffar da kika bayar ta yi kama da wani nau'in ciwon taurin fata da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da Parry-Romberg, amma likitan da ya gan ta ne zai tabbatar. Kuɗinki na farko ya tafi wajen likitan fata ko likitan yara masanin cututtukan garkuwar jiki, kuma kada ki jinkirta. Akwai magunguna, irin su metotireksat tare da sitiroyid, da ake bayarwa domin dakatar da ɓarnar, kuma duk naman da aka tsirar yanzu ba sai an nemi cike gurbinsa gobe ba. A duba idanunta da haƙoranta. Idan tana yawan ciwon kai ko ta taɓa yin farfaɗiya, ki faɗa, domin za a so ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa na MRI.

Maganar dashe tana nan tafe. An saba jira sai ciwon ya lafa shekara ɗaya ko biyu, don kada ya cinye abin da aka zuba. Wasu likitocin yanzu suna yi wa yara da wuri idan tsangwama ta yi yawa, da sanin cewa za a maimaita. Ban ga laifin hakan ba muddin mai ba ta magani da mai tiyata sun yi shawara tare. Ki riƙa ɗaukar hoton fuskarta duk bayan wata uku, a wuri ɗaya da haske iri ɗaya, zai taimaka musu sanin ko ciwon ya tsaya. Batun tsokana kuwa, ki je ki sami malamanta tun yanzu.

Wani kuma ya rubuto: Kumatuna sun zurma bayan na daɗe ina shan tsofaffin magungunan HIV. Ni siriri ne. Wata mai gyaran jiki ta ce za ta yi mini allurar da ba ta narkewa har abada, a kuɗi kaɗan.

Ɗan'uwa, don Allah kada ka yarda. Allurar da ake tallatawa da wannan alkawari sau da yawa ruwan silikon ce ko wani mai da ba a san asalinsa ba. Tana iya yin ƙullutu, ta yi kumburi, ta zame zuwa wani wuri bayan shekaru, kuma ba a iya kwashe ta sai da yanka. Duk abin da aka zuba a fuska, har da kitse, idan ya shiga jijiyar jini yana iya kashe fata ko ya makantar, musamman a goshi, tsakanin gira da gefen hanci. Ba kasafai hakan ke faruwa ba, amma ya isa dalilin da ba za ka miƙa fuskarka ga wanda bai karanci tiyata ko fata ba.

Irin wannan ramewa an fi danganta ta da maganin sitabudin, wanda aka daina ba da shawarar amfani da shi, sai kuma zidobudin. Ka fara da likitanka ya duba abin da kake sha yanzu, kada ka daina komai da kanka. Idan kana da ɗan kitse a ciki, dashe yana yiwuwa, don fuska ba ta cin kitse mai yawa. Idan babu, akwai wata allura mai suna Sculptra, wadda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2004 domin wannan matsalar. Ana yin ta zama-zama, tana sa fata ta ƙara kauri a hankali cikin watanni, kuma tasirinta kan kai wajen shekara biyu kafin a sake.