Tun da A-daidaita Ya Buge Shi Ya Daina Fita

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, dan Allah shawara nake nema akan maigidana. Shekara uku kenan da hawan jinin ido ya tafi da ganinsa, tela ne a da, kuma wallahi ya yi haƙuri har ya saba zuwa masallaci shi kaɗai da sandarsa. To da azumin da ya wuce yana dawowa daga asham ɗan a-daidaita ya kwashe shi ya jefa kwata ya karye a hannu, cikin masu ɗaga shi kuma wani ya zare masa waya. Hannu ya warke amma shi bai dawo daidai ba, ko ƙofar gida baya leƙawa, in ya ji ƙarar mashin sai gumi ya karyo masa jiki na rawa, da dare ya zabura yana lalubar bango. Rannan autarmu ta faɗo masa ta baya da wasa ya hankaɗe ta, sai kuma ya zauna yana kuka. Danginsa sun ce aljanu ne wasu sun ce ƙarancin tawakkali. Ya zan yi? Daga wata 'yar uwa a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba shi lafiya ya saka miki. Maganar ƙarancin tawakkali ki ajiye ta gefe, mutumin da ya rasa ido da sana'a lokaci guda bai fasa jam'i ba ai ba shi za a koya wa haƙuri ba. Abin da kika lissafo ya yi kama da ciwon firgici da ke biyo bayan mummunan abu, likitoci na kiransa PTSD, mafarkin abin, gudun wajen da ya faru, zabura da ɗan motsi kaɗan, in ya wuce wata ɗaya bai lafa ba to ya zama abin zuwa asibiti, shi kuwa ga watanni.

Kinga mai ido in ya yi hatsari gobe zai tsaya bakin titi ya duba hagu da dama hankalinsa ya kwanta. Shi bai ga abin da ya buge shi ba, ƙara kawai ya ji sai ga shi a kwata, shi ya sa kowace ƙara yanzu waccan ce a wajensa. Abin da ya fi min ciwo ma wayar nan, hannun da ya zo da sunan taimako shi ya cuce shi, to ya za a yi ya saki jiki da hannun da ya taɓa shi ba sallama? Abin da ya sami autarku kenan, ba tsanarta ya yi ba, ki zaunar da ita ki faɗa mata. A kafa doka a gidan, babba da yaro, sai ka yi magana ka faɗi sunanka kafin ka taɓa Baba, in za ka tashi ka ce na fita kada a bar shi yana hira da iska. A daina canza wa kujera da buta wuri.

Fita kuma kar a matsa masa kar kuma a bar shi ya ruɓe a ɗaki. Yau zaure, jibi dakalin ƙofar gida, sannan masallaci da asuba lokacin titi ba kowa, da mutum ɗaya wanda shi ya zaɓa. Mai rakiyar kar ya ja shi da hannu ko ya kama masa sanda, shi zai riƙe gwiwar hannun mai rakiyar yana ɗan bayansa kaɗan, ana faɗa masa ga kwata, ga mashin zai wuce ta damanka.

Ku je ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin Malam Aminu Kano ko na Dawanau, zuwa can ba ya nufin hauka, zama ake da mutum a yi ta magana har tsoron ya saki, wani a haɗa masa da magani. Addu'a ku ci gaba, ba sa faɗa da asibiti. Amma in kika ji ya fara cewa gara ya mutu ya huta kar ki jira gobe. A sama masa waya a kunna TalkBack tana karanta masa komai, ya nemi reshen ƙungiyar makafi ta Najeriya ya ji muryar waɗanda suka bi hanyar nan. Sannan hawan jinin ido yana bin dangi, 'yan uwansa da yaran su je a auna musu ido.

TAMBAYA: Anti mahaifiyata ce suga ya taɓa mata ido bata gani sosai, sai ta ce tana ganin wasu ƙananan mutane da kaya masu kala suna wucewa a ɗaki, ita kanta ta san ba gaske bane amma ta tsorata ta daina kwana ita kaɗai. Daga Zariya.

AMSA: Ɗana wannan sananne ne a wajen likitocin ido, sunansa ciwon Charles Bonnet, mutumin da ya fara bayaninsa a 1760 akan kakansa mai yanar ido. Ido ne ya rage aika hoto sai ƙwaƙwalwa ta riƙa ƙirƙiro nata, da yawa suna ɓoyewa kar a ce sun taɓu. Ka faɗa wa Hajiya hankalinta ƙalau, in ya zo ta kunna fitila ko ta ƙifta ido ta tashi ta canza wuri, sau da yawa yana raguwa da lokaci. Ku faɗa wa likitan idonta, ko a cibiyar ido ta ƙasa da ke Kaduna tunda kusa ne. In kuma har tana jin suna mata magana ko ta fara rikicewa da mantuwa, wannan wani abu ne daban, a kai ta asibiti a ranar a duba sugan.