Ɗan tiyo a bayan inji, aikin wuni guda

TAMBAYA: Oga, barka da aiki. Motata mai injin dizal ce, kullum ruwan lagireto sai ya ragu. Makanikina ya gano wani ɗan tiyo ne ya tsage a bayan inji, tsawonsa bai fi taƙi ɗaya ba. Ya ce sai ya kwance manifol, wato bututan da ke shigar da iska cikin inji, kafin hannunsa ya kai wurin, ladan aikin kuwa ya ninka kuɗin tiyon nesa ba kusa ba. Cuta ce ko gaskiya? Ba za a naɗe shi da tef ba?

AMSA: Malam, bai cuce ka ba. A masana'anta ana ɗaura irin wannan tiyo tun inji yana ƙasa, kafin a zura shi cikin mota. Shi ya sa za ka tarar kunnen kilif ɗin da ke matse bakin tiyon ya juya wa mutum baya, yana kallon bangon da ya raba inji da mazaunin direba. Wurin da ido ke gani hannu ba ya shiga, in hannu ya shiga kuma ya tare ido. Da lalube ake aikin, yatsu duk su kuje. Akwai filaya mai doguwar waya da aka yi don wannan kilif, amma ba kowane gareji ke da ita ba.

Batun tef, manta da shi. In inji ya yi zafi, matsin ruwan nan yana kai kimanin "bar" ɗaya a ma'aunin matsi, tef ba zai riƙe ba. Ranar da ruwan ya tsiyaye kana kan hanya, gaskit, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, shi ne zai ƙone, wani lokacin har kan injin ya lanƙwashe.

Tunda za a buɗe, ka tsaya a kan aikin. A bari inji ya huce, a toshe bakin manifol da tsumma, don noti ɗaya in ya faɗa ciki ya isa ya kashe inji. Tsohon tiyo yakan manne da bututun da aka zura shi a kai. Kada a banƙare shi da sukudireba, bututun na iya zama roba ko alminiyam da ya riga ya ci. A tsaga tiyon a tsaye da reza, a hankali, a ɓare.

Sabon ya zama mai lanƙwasa irin ta asali, miƙaƙƙe yakan karye a kwana ya hana ruwa wucewa. A shafa masa ruwan sabulu wajen zurawa. Ban da giris ko baƙin mai, suna kumbura robar. A kuma duba ko mai ne ke ɗiga daga sama ya lalata na farkon.

Ni da motata ce, duk tiyon da ke wannan lungu zan canja tare da kilif ɗinsu, sa'anninsa ne. Bayan an zuba ruwa a fitar da iska, a kunna hita, inji ya yi zafi sosai, a leƙa da tocila kafin ka biya.